Ranar da Taswira Ta Wanke Kakana

Na manta da yawa daga cikin abin da na karanta a kwaleji. In ka tsare ni yanzu ka ce in jero maka sunayen sarakunan Turai da muka haddace don jarrabawa, sai na yi kame-kame, duk da kuwa tarihi nake koyarwa. Amma akwai abin da ya faru a shekarata ta biyu, yau kusan shekara ashirin ke nan, wanda har ƙasa ta rufe idona ba zai fita daga raina ba.

Ni 'yar wani ƙaramin ƙauye ce a ƙasar Gwiwa. Fulani ne mu, ga kiwo ga noma, Fillanci a cikin gida, Hausa a waje. A gidan kakana na wajen uwa na tashi. Dogon mutum ne siriri, a lokacin ya ba shekara tamanin baya, idanunsa sun yi yana, amma hannunsa bai daina tufkar igiya ba. Amarya yake ce mini, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce ba na auren mai furfura.

Kowa a garin ya san cewa yana saurayi ya ɓace na wasu shekaru, sannan ya dawo. Shi dai cewa yake Turawa ne suka kai shi yaƙi wata ƙasa mai suna Bama. Tsararrakinsa da za su ba da shaida duk sun riga mu gidan gaskiya, takardunsa kuma gobara ta cinye tun ba a haifi mahaifiyata ba. Sai ya zama bakinsa kawai ya rage, bakin nan kuwa yana faɗar abubuwa masu wuyar haɗiya. Ya ce sun shiga jirgin ruwa wanda ya fi ƙauyenmu girma, suka yi makonni ba su ga tudu ba. Ya ce a dajin can daga sama ake jefo musu abinci, buhu-buhu, kowanne da laimarsa. Ya ce ya ga giwa tana aikin ɗaukar gungume kamar yadda takarkari ke yi a nan, da mutum zaune a wuyanta. Har magana ta fita a garinmu: in wani ya shirga ƙarya, sai a ce, "Kai, wannan ai labarin giwa ne."

Duk wannan da sauƙi, abin dariya ne. Wadda ta ja masa ita ce maganar salla. Ya ce a can yamma suke fuskanta, inda rana ke faɗuwa. A wurinmu kuwa gabas ita ce alƙibla, alƙibla ita ce gabas, ko yaron goye ya san haka. An ce tsohon limamin garin, mahaifin wanda ke kai a lokacina, ya taɓa kiransa gaban jama'a ya ce ya tuba ya bar wannan magana, zama da Nasara ne ya juya masa kai. Tun daga nan, ko liman ya yi tafiya ba a ce masa ya ja salla, alhali ya fi da yawansu karatu. In ana neman dattijon da zai faɗi iyakar gona, sai a tsallake shi. Ba wanda ya zage shi, ana gaishe shi, ana kai masa ƙwarya. Maganarsa ce kawai ba ta da nauyi.

Ranar da zan tafi kwaleji, 'yan uwa sun taru a tsakar gida ana yi mini addu'a, sai ya kira ni.

"Amarya, in kin je ki tambayo mini malamanku, ko a cikinsu akwai wanda ya san Bama."

Ni kuwa kai ya yi girma, ni ce mace ta farko a gidanmu da ta wuce sakandare. Na ce, "Haba Kaka, makarantar ilimi fa zan je, ba ta tatsuniya ba."

Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi murmushi, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da tufkarsa. A lokacin wasan jika na ɗauke shi. Daga baya mahaifiyata ta gaya mini tun ranar bai sake ɗauko labarin Bama ba, ko an tsokane shi.

Gaskiya ba tarihi na nema ba. Turanci na so, aka ce gurbi ya cika, aka haɗa ni da tarihi. Shekarar farko hadda kawai na yi: shekara kaza aka yi kaza, wane ya ci wane da yaƙi. In an fito daga jarrabawa in zubar a bakin ƙofa. Tarihin ƙasarmu ma, daga jihadi zuwa zuwan Turawa zuwa samun mulkin kai, jinsa nake kamar labarin wasu mutane ne can, ba ruwansa da ƙauyen da ko a taswirar jiha ba a sa shi ba.

A shekara ta biyu aka ba mu wani malami mai koyar da tarihin duniya. Dattijo ne gajere, ba ya dariya sosai, kullum da wata tsohuwar taswira a naɗe a hammatarsa, duk an lilliƙe ta da salatif. Tsoronsa muke ji, don ba ya sayar da takardar darasi, kuma in ka kwafo littafi ka kawo masa sai ya gaya maka shafin da ka kwafo.

Wata safiya ya rataya taswirar a jikin allo, ya ce yau Yaƙin Duniya na Biyu za mu shiga, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila. Ya yi bayanin Turai, ina rubutu ina hamma. Can sai ya sa sandarsa a kan Kano.

"Kada ku ɗauka yaƙin nan na Turawa ne su kaɗai," in ji shi. "Daga ƙauyukan nan namu aka ɗebi samari. Jirgin ƙasa zuwa Ikko, jirgin ruwa zuwa Indiya, daga nan sai nan." Sandar ta yi tafiya mai nisa a kan shuɗin teku, ta tsaya. "Bama."

Biron hannuna ya tsaya. Ya ci gaba da cewa dajin ya yi duhun da mota ba ta shiga, sai ta jirgin sama ake jefa wa sojoji abinci da laima. Ya ce a ƙasar ana horar da giwa ta yi aiki. Ya miƙo wani littafi mai hotuna ya ce a zagaya da shi. Da ya iso gabana, sai ga baƙaƙen samari irin namu, da kaya a ka, cikin ruwa iya ƙugu. A ɗaya shafin ga giwa da gungume a haurenta, ga mutum a wuyanta.

Wani sauti ya kuɓuce mini, ni kaina ban san dariya ba ne ko kuka.

"Ke, ta layi na uku. Me ya ba ki dariya?"

Na miƙe. Na ce, "Malam, ba dariya nake ba. Kakana ne. Ashe gaskiya yake faɗa."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce in same shi a ofis. A can na zayyana masa komai, har da maganar da na yaɓa wa tsohon ranar tafiyata. Na zaci zai yi mini faɗa. Sai ya tambaya, "Yana da rai?" Na ce yana nan. "Hankalinsa fa?" Na ce garau. Ya buɗe durowa ya ɗauko wata 'yar rikoda da kaset uku da littafin nan, ya tura gabana.

"Hutun tsakiyar zango saura mako guda. Aikinki ke nan. Ki je ki zauna a gabansa. Kada ki gyara masa magana, kada ki nuna masa kin yi boko. Ki tambaya, ki yi shiru."

Na iso gida da hantsi, shanu sun fita. Na sami kakana a gindin dalbejiyar ƙofar gida. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kaka, na tambayo maka. Malaminmu ya san Bama."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Amarya, kin zo da wani wasan ne?"

Nan hawaye suka zubo mini. Na ce ya yafe mini, ni ce jahila, ga littafi na zo da shi har da hoton giwar. Ya miƙo hannu, sai kuma ya janye, don ya san idon ba zai gani ba.

"Kar ki gaya mini. Bari ni in gaya miki. Kunnuwanta ƙanana ne, ba fankama-fankama ba kamar na giwarmu. Wanda ke wuyanta kuma ƙafafunsa na bayan kunnen, da su yake juya ta."

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana tsaye a kanmu, ya karɓi littafin ya duba. Ya daɗe yana kallo. Sai na ji ya ce a hankali, "La'ilaha illallahu. Baba, haka take."

Safiya uku muka yi muna ɗaukar magana. Abin da ya ba ni mamaki, ko sau ɗaya bai mai da kansa jarumi ba. Ya ce shi bai taɓa harbin kowa ba, cikin 'yan dako yake, akwatin harsashi yake ɗauka a ka, su hau dutse su gangara, matsattsaku na shan jininsu. Ya ce ranar da suka fara jin ruwan wuta, tsoro ya sa ya kasa tuna Fatiha. Na tambaye shi yadda aka yi ya tafi. Ya ce an ce kowane gari ya ba da mutum, abin ya faɗa kan wansa, matar wan kuwa tana da tsohon ciki. Sai ya je ya ce shi a ɗauke shi, tunda bai ajiye kowa ba. Jikokin wannan wan nasa suna cikin masu cewa labarin giwa. Ba wanda ya sani, don ba wanda ya taɓa tambaya.

A rana ta uku ya ce in matso. Ya ba ni labarin wani abokinsa, mutumin wajen Babura, wanda suke cin abinci a kwano ɗaya tun daga jirgin ruwa. Zazzaɓi ya kama shi a dajin, kwana huɗu ya cika. Su biyar suka yi masa wanka, suka yi masa salla, suka haƙa masa kabari a bakin wani kogi da adda da kwanon cin abinci.

"Mun ga masallatan mutanen ƙasar, duk yamma suke kallo, mu ma muka bi. Haka muka kwantar da shi, fuskarsa na duban faɗuwar rana. Da na dawo na je na gaya wa tsohuwarsa an yi masa sutura yadda addini ya ce." Sannan ya ƙara da cewa, "To, ga shi malamai sun ce ba haka ba ne. Tun ina musu har na daina. Amarya, dariyar da ake mini ba ta dame ni kamar wannan ba. Shekara sittin ina tunanin ko mun juya wa bawan Allah nan baya ga alƙibla, na kuma je na yi wa uwarsa ƙarya."

Na ce, "Kaka, ina ganin daidai kuka yi."

Ya ce, "Ke jikata ce. Ko ba daidai ba ne haka za ki ce."

Da na koma, malam ya sa kaset ɗin a ofis muna saurare. Da aka zo wurin nan sai ya danna ya tsayar. Ya cire tabarau ya goge ido, ya tashi ya warware taswirarsa a kan tebur. Ya ce in nuna masa garinmu, in nuna Makka, in nuna Bama. Na nuna. Sai ga Makka a tsakiya, mu a hagu, Bama a dama. Wata da watanni ina kallon taswirar nan, ban taɓa ganin haka ba.

"Wace mota ake shiga zuwa garin naku?" in ji shi.

Na ce, "Malam, da nisa fa, kuma hanyar ba kyau. Ai ni ma zan iya gaya masa."

"Kin gaya masa, bai karɓa ba. Kuma a gaban jama'a aka ƙaryata shi, a gaban jama'a ya kamata a wanke shi."

Ranar Juma'a na riga shi zuwa gida don in sanar. Asabar kafin azahar sai ga shi a bayan ɗan acaɓa, ya biyo ta Kazaure da Roni, farar rigarsa ta koma ja, taswira ɗaure a bayansa kamar tabarma. Ya fara zuwa ya gaida mai unguwa da liman. Bayan an idar da salla aka taru a ƙofar gidanmu, don labari ya zaga cewa babban malami ya zo daga kwaleji takanas saboda tsohon nan. Mu mata muna cikin zaure muna leƙe.

Mutumin da muke rawar jiki in ya shigo aji, shi na gani ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa har ƙasa a gaban kakana.

"Baba, barka da hutawa. Ni malamin jikarka ne. Shekara da shekaru ina koyar da yaƙin nan daga takarda, ban taɓa zama da wanda ya je ba. Yau na zo ɗaukar karatu."

Kakana dai "Marhaba, marhaba" kawai yake ta maimaitawa, yana laluben hannunsa.

Malam ya sa kawuna da wani suka riƙe taswirar. Ya nemi izinin mai unguwa ya ce ɗalibarsa ce za ta nuna. Na gyara mayafi na fito, aka miƙo mini karan dawa. Na ce ga mu nan, ga Ikko, ga tekun da suka ratsa, ga Indiya, ga Bama. Sannan na sa karan a kan Makka. Wasu daga cikin mutanen ba su gane zanen ba.

Liman ne ya taso. Ya tsuguna ya ɗauki duwatsu uku ya jera a ƙasa. Ya taɓa na tsakiya ya ce, "Wannan Ɗakin Allah ke nan?" Malam ya ce, "Shi ne, Allah gafarta malam." Liman ya taɓa na yamma ya ce mu ke nan, muna duban gabas. Sai ya ɗora yatsa a kan na ukun.

"Wanda ke nan kuwa, dole ya juyo yamma," ya faɗa a hankali. "Subhanallahi. Ni da na je Makka, na ga mutane sun kewaye Ka'aba ta kowace kusurwa, amma ban taɓa kawo wannan a raina ba." Ya juya wajen kakana. "Baba, alƙiblarku daidai take. Mun ɗauki alhakinka, mu da iyayenmu. Ka yafe mana, ka yafe wa mahaifina."

Kakana bai amsa wannan ba tukuna. Ya juya inda yake jin muryar malam, ya ce, "Malam, ke nan wanda muka binne, fuskarsa na duban alƙibla?"

"Tana duban alƙibla, Baba. Ko yau aka ce in kwantar da shi a wurin, haka zan yi."

Sai tsohon nan ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska. Kafaɗunsa suka riƙa girgiza. A bayana ina jin mahaifiyata tana sheshsheka. Da ya sami kansa ya ce, "Alhamdu lillahi. Na yafe wa kowa, duniya da lahira. Ai ba ku je ba ne."

Daga nan tambayoyi suka ɓarke. Samarin da ke tsokanarsa su ne a gaba, wannan ya ce yaya girman jirgin, wancan ya ce me giwar ke ci. Da la'asar ta yi liman ya ce kakana ne zai ja salla. Kaka ya ce a'a, gwiwa ba ta ɗaukarsa, liman ya ja, shi abin da yake nema ya samu. Malam ya sha fura da nono, ya ƙi karɓar zakaran da aka kama masa sai da kakana ya ce in bai karɓa ba bai yafe ba. Haka ya hau acaɓa da taswira a baya da zakara a hannu, yara da manya na rakiya.

Kakana ya ƙara damina ɗaya a duniya. A 'yan watannin nan ƙofar gidanmu ba ta rabuwa da masu sauraro, har daga Yankwashi wani malamin firamare ya zo. Jikokin wansa, da suka ji yadda aka yi ya tafi, su suka nome masa gonarsa a shekarar. Ya rasu cikin mutuncinsa, ana cewa dattijon da ya ga duniya.

Malam ma yanzu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ban taɓa iya gode masa yadda ya kamata ba. Da na gwada, cewa ya yi in je in gyara rubutuna, akwai kurakurai a shafi na huɗu. Ba aikinsa ba ne ya hau acaɓa ya je ƙauyen da bai san kowa ba, ba wanda zai ƙara masa girma a kan haka. Ya je ne don wani tsoho ya daina zargin kansa. Duk sallar da na yi ina sa su biyun a addu'a, da abokin nan na wajen Babura wanda ko sunansa ba na jin akwai mai tunawa.

Abin da na koya shi ne, rashin sanin abu ba hujja ba ce ta cewa babu shi. Mun auna duniya da faɗin ƙauyenmu, duk abin da ya fi ƙauyen girma muka ce ƙarya ne, muka bar mai gaskiya yana shakkar kansa shekara sittin. Na kuma gane cewa tarihi ba a Turai kaɗai ya faru ba, ya ratsa ta ƙofar gidajenmu ya ɗebi mutanenmu, wasu ya dawo da su, wasu ya bar su can. Littafi zai jira ka a kan kanta ko shekara nawa ne. Tsoho ba ya jira. In kana da shi a gida, je ka zauna a gabansa yau, ka tambaya, ka yi shiru.